Dala Ashirin a Kasuwa, Ɗari a Kan Allo: Wasan Bidiyo da Lissafin Yaran Gaya

Ka tsaya a kasuwar Gaya, ta Nijar nake nufi, wadda ke bakin kogin Isa tana kallon Malanbil, ka sayi kashin tumatir uku a wajen yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba. Kashi ɗaya dala goma sha biyar. Ka miƙa mata dala ɗari. Kafin ka gyara riƙon ledarka ta gaya maka canjinka dala hamsin da biyar ne, kuma ba ta yi kuskure ba. In Naira ce a hannunka don daga Kamba ka fito, za ta juya kuɗin bisa canjin ranar, ta ɗan cika wa kanta, saboda ta san Naira ba ta kwana inda ta yini. Washegari ka leƙa lakwal, wato makaranta. Mushe, wato malamin aji, ya rubuta 500 − 225 a allo, ya karanta da Faransanci. Yarinya irin wannan za ka gani ta duƙufa a kan ardwaz, ɗan allonta na hannu, tana zana sanduna tana gogewa, har a ce a ɗaga allo ba ta gama ba.

Lissafin guda ne, tunda dala ɗaya biyar ce a rubuce, wanda ta yi jiya a tsaye tana korar ƙuda. Wannan giɓi nake so mu sa a gaba kafin mu taɓa maganar da ake yayi yanzu a tarurrukan ilimi, wato ko gem ɗin da yara ke bugawa a salula da tablet zai iya koyar da lissafi da kimiyya. Ra'ayina shi ne zai iya, a wani yanki ƙarami na aikin, kuma abubuwan da sai an tanada kafin ya yi amfani sun fi na'urar kanta tsada da wahalar samu.

Matsalar da ake neman magani ba ƙarama ba ce. A gwajin PASEC na 2014, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke yi tare, yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare da ƙwarewar lissafin da ake buƙata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A zagayen 2019 an samu ci gaba na gaske, amma duk da haka ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Duk wanda ya san ajin zana ya san wani ɓangare na dalili. Ba a kafa rumfar sai an cire amfanin gona an samu kara, makonni sun riga sun tafi. Damina na kankama a watse, ita kuwa Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk ƙasar. A cikin ajin kuma, malami ɗaya yana fuskantar yaran da sunan ajinsu ɗaya amma iliminsu ya yi hannun riga: wannan yana raba lamba uku, wancan bai tantance 6 da 9 ba. Tsarin karatu yana tura malamin gaba, ya bi littafi, na baya su ƙara zama baya.

A nan ne na'ura take da abin da malami ba shi da shi, kuma ya kamata a faɗe shi ba tare da ƙyashi ba. Gem mai kyau yana ba kowane yaro tambaya daidai ƙarfinsa. In ya kuskure, nan take zai sani, ba sai bayan mako guda da aka duba littafin rubutunsa, wato kaye, ba. Ba ya gajiya, ba ya ɗaukar bulala, kuma yaron da ya faɗi sau goma ba wanda zai yi masa dariya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa gaban allo da alli a hannu, aji na jira.

Akwai shaidu. A birnin Vadodara na Indiya, a farkon shekarun 2000, ƙungiyar Pratham ta sa yaran aji huɗu suna buga wasannin lissafi a kwamfuta awa biyu a mako, yara biyu a na'ura ɗaya, wasan yana ƙara wuya ko sauƙi bisa amsar yaro. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka auna, suka wallafa a 2007: makin lissafi ya tashi sosai. Sai dai da aka koma shekara guda bayan an daina, mafi yawan ribar ta zagwanye, saura ɗan kaɗan. A Delhi kuma, manhajar Mindspark, wadda ta fi kusa da atisaye mai bin ƙarfin ɗalibi fiye da wasa, ta ba da sakamako mai ƙarfi cikin wata huɗu da rabi. Abin da ya fi jan hankalina a wannan binciken shi ne abin da na'urar ta tona: a aji ɗaya, tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya takan kai ta aji biyar ko shida. Ba sai an je Indiya ba, kowane mushe a Tanda ko Bengou, nan kusa da Gaya, zai ce maka ya san wannan.

A Afirka ma an gwada. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019, gasar Global Learning XPRIZE ta raba tablet ga yara kusan 2,700 a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, aka kafa wuraren caji da hasken rana, manhajojin suna magana da Swahili. Kitkit School da onebillion suka raba kyautar a watan Mayun 2019. Manhajar onebillion ce Malawi ta ɗauka daga 2023 tana bazawa a makarantun firamare na gwamnati, da harshen Chichewa, yara suna karɓa bi da bi. A Sudan, ƙungiyar War Child ta Holan ta gina wasan lissafi bisa tsarin karatun ƙasar don ƙauyukan da ba makaranta, har da zanen yaran kansu aka sa a ciki, daga baya aka kai shi Uganda da Chadi da wasu ƙasashe da sunan Can't Wait to Learn.

Yawancin waɗannan a lissafin farko suka mayar da hankali: ƙidaya, tarawa, ɗebewa, sanin gurbin lamba. Kuma a yawancinsu ba a jefa wa yaro na'ura aka juya baya ba. Inda aka yi haka, mun ga ƙarshensa. Peru ta sayi ɗaruruwan dubban kwamfutocin One Laptop per Child. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna makarantun karkara 319 bayan wata goma sha biyar, bai ga wani ƙari a lissafi ko karatu ba. Yaran sun iya sarrafa na'urar dai. Najeriya ta ɗanɗana irin wannan biki, daga gwajin makarantar Galadima ta Abuja a 2007 zuwa tablet ɗin Opon Imo da jihar Osun ta ƙaddamar a 2013, kuma hotunan ranar rabo sun fi labarin abin da ya biyo baya yawo. Wani bincike a jihar Gujarat ya nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali: manhaja guda, da aka ba yara ita bayan an tashi makaranta sun ƙaru, da aka cire musu lokacin malami aka sa ta a madadinsa sai suka koma baya.

Su kansu wasannin ba iri ɗaya ba ne, kuma mai saye ya kamata ya iya tantancewa. Mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan wasan ilimi, kinin ne aka shafa wa zuma. Mota na gudu, sai a tsayar da ita a ce bakwai sau takwas nawa, in ka amsa ta ci gaba. Yaro ba wawa ba ne. Zai lashe zumar ya tofar da ƙwayar, ya yi ta danna amsa da ka har ya dace, don shi motar yake so. Ka kwatanta wannan da dara, wadda Zabarmawa ke kira dili, da dattawa ke bugawa a gindin bishiya: gurbi talatin, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya. Ba wanda ke tsayar da wasa ya yi maka tambayar tunani. Tunanin shi ne wasan, in ba ka hango motsi biyu ko uku a gaba ba an cinye ka. Masu bincike biyu a Ingila, Habgood da Ainsworth, sun gwada wannan bambanci a 2011 da wasan rabawa mai suna Zombie Division. Suka yi shi iri biyu. A ɗaya, raba lambar ita ce makamin da kake kayar da abokin gaba. A ɗayan, ana faɗa ne kawai sannan a kawo tambayoyi a tsakani. Yaran da suka buga na farko sun fi koyo, kuma da aka bar su su zaɓa, sun daɗe a kansa ninki bakwai.

To ko wasan da ya yi kama da dara ma yana da tarko, kuma shi ne ya dawo da mu ga mai tumatir. DragonBox, wasan aljabara da aka yi a Norway, ya yi suna saboda ƙananan yara suna warware ma'auni a cikinsa ba su san sun yi ba, suna matsar da katuna daga gefe zuwa gefe. Da masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon suka gwada shi da wata manhaja mara armashi da ke bin ɗalibi mataki-mataki, yaran sun fi jin daɗin DragonBox, sun warware tambayoyi masu yawa a cikinsa, amma da aka ba su takarda da biro, 'yan ɗaya manhajar suka fi. Abin da aka koya a cikin wasan ya zauna a cikin wasan.

Wannan tsohuwar matsala ce. Tun 1985 masu bincike a Recife ta Brazil suka nuna yara masu talla suna lissafi daidai a bakin titi, su kasa irinsa a takarda. A Fabrairun 2025 mujallar Nature ta buga binciken Banerjee da Duflo da Elizabeth Spelke da wasu a kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi. Yaran suna lissafin ciniki mai sarƙaƙiya da ka, cikin sauri, amma yawancinsu suka kasa rabawa mai sauƙi da aka rubuta irin ta makaranta. Aka juya aka gwada 'yan makarantar da ba su san kasuwa ba: sun iya na takarda, aka ba su na ciniki suka rikice. Ilimin bai haye ba, ko ta nan ko ta can.

Mutumin Gaya ya san abin da ake nufi da gaɓa biyu da ke kallon juna ba hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke haɗa garin da Malanbil, manyan motoci suka yi layi, jama'a suka koma kwale-kwale. Yarinyarmu tana da lissafi a gaɓar kasuwa, ana neman sa a gaɓar lakwal. Tsorona shi ne a kawo mata gem ya zama tsibiri na uku a tsakiyar ruwa: ta ƙware a cikinsa, ta tara taurari da kofuna, kasuwa na nan inda take, allo na nan inda yake. Wanda zai yi fiton shi ne mutumin da zai zauna da ita ya ce, abin nan da kika yi a tablet, rubuta mini shi a ardwaz, sannan gaya mini da dala nawa ne. Na'ura ba ta san ta iya dala ba. Mushe ya sani, ko da yake horon da aka ba shi bai taɓa ce masa wannan ilimi ne ba.

Ƙidayar dala kuwa abin dubawa ce da kyau. A jikin ƙwandalar an rubuta 100, baki yana cewa dala ashirin. A takarda an rubuta 1000, baki yana cewa jikka, wato dala ɗari biyu. Bahaushen Nijar da Bazabarme duk da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi. Yaro yana rayuwa da tsarin ƙidaya biyu a kansa, yawanci bai san alaƙarsu ninkawa da biyar ba ce, ya dai haddace kowane kuɗi da sunansa. Wasan da aka yi a Faransa ko Amurka, da hoton tuffa da kuɗin Yuro, zai ƙara masa tsari na uku ne. Wasan da aka yi don Dendi, wato yankin Gaya, zai fara daga tire da kashi da mudu, ya bar yaro ya ba da canji da dala da muryar harshensa, sannan a hankali lambar da ke jikin kuɗin ta riƙa fitowa kusa da sunan, har ranar da zai gane da kansa cewa 55 ɗin bakinsa ita ce 275 ɗin allo. In an zo kason lamba, ba sai an yanka masa kek ɗin da bai taɓa gani ba. Kalmomin suna nan a makarantar allo da zauren malam: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni na rabon gado, da ushirin zakkar hatsi, da rabin ushiri ga abin da aka shayar da wahala, batun da ya shafi duk mai noman rani da injin ban ruwa. Wasa da lamba ma ba baƙo ba ne a wannan yanki na duniya. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, littafi guda ya rubuta a kan yadda ake jera lambobi a hatimi kowane layi ya ba da jimla ɗaya.

Harshe a Gaya ba abu ne mai sauƙi ba, kada a yi gaggawa. Akwai Dendi da Zabarmanci, akwai Hausa, akwai Fulatanci, makaranta kuma ta gaji Faransanci, tsallaken iyaka a Kamba Ingilishi. Kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, don haka ba sabon tunani ba ne. Abin da gem zai iya a nan, wanda littafi ba ya iyawa cikin araha, shi ne murya: hoto ɗaya, wasa ɗaya, yaro ya zaɓi harshen da za a yi masa magana. Amma wani sai ya zauna ya naɗi muryoyin, ya daidaita kalmomin da malaman da ke aji. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 kuma ta karkata ga fasahar sadarwa, da makarantar horar da malamai ta garin, ba su da nisa da juna. In akwai aikin da ya dace su haɗu a kai, wannan ne.

Jihar Dosso, inda Gaya take, tana da nata darasi a kan na'ura da lissafi, ko da yake ba gem ba ne kuma ba yara ba ne. A 2009 da 2010, a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Dosso da Damagaram, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci da harsunan gida. A rabin ƙauyukan aka ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar salula mai maɓalli, mutum biyar waya ɗaya. Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts, da abokan aikinta suka auna, suka samu masu wayar sun fi a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai ɓace ba watanni bayan an rufe aji. Wayar ba ta da manhajar koyarwa ko ɗaya. Abin da ta yi shi ne ta ba lamba da harafi aiki a wajen aji: danna lambar ɗan'uwa da ke ci-rani, tura saƙo, tambayar farashi. Malamin yana nan, harshen na gida ne, na'urar kuma wadda mai gyara a kasuwa ya sani ce.

Kimiyya labarinta ya ɗan bambanta. A yawancin kwalejojin karkara ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai, ɗalibi yakan kai jarrabawar burube ta ƙarshen kwaleji yana zana batir da ƙwan fitila a kaye bai taɓa haɗa su a aji ba. Nan kwaikwayon gwaji a na'ura yana da amfani na gaske. PhET, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki da shi ba intanet. Kana haɗa waya da batir, kana ganin ɗigo-ɗigon lantarki suna tafiya, ka ƙara ƙwai biyu ka ga haske ya ragu, ka haɗa ba daidai ba wuta ta tashi a allo ba wanda ya ƙone. Wani bincike na 2005 a jami'ar ya nuna ɗaliban da suka yi atisaye da kwaikwayon sun fi waɗanda suka taɓa kayan gaske fahimta, har ma sun fi su saurin haɗa na gasken daga baya. Dalili a bayyane yake: ya nuna musu abin da ido ba ya gani.

A nan zan ja layi. Abin da ido ba ya gani, kamar ƙwayar zarra, tafiyar wata, yadda cutar cizon sauro ke yawo tsakanin jini da sauro, a ba na'ura. Abin da ke bayan katangar makaranta kuwa, kunya ce a nuna shi a tablet. Matan Dallol Fogha suna kankare ƙasa mai gishiri, su tace da ruwa, su dafa har ruwan ya ƙone gishiri ya fito: narkewa da tacewa da tururi ke nan, babi guda na littafin kimiyya, a ƙauyen su ɗalibin. Kogin Isa kansa tambaya ce. Me ya sa yake sake cika a cikin sanyin hunturu, alhali an yi watanni ba a ga hadari ba? Masunta sun san lokacin sarai. Amsar tana tsaunukan Gini, inda ruwan ya sauka da damina, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana jan ƙafa kafin ya iso. Wasan da zai bar yaro ya zuba ruwa a Gini ya bi shi a taswira har Gaya zai yi kyau ƙwarai, in an fara da kafa sanda a bakin ruwa ana auna ta duk mako. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi yana sukar makarantar da ta juya wa rayuwar ɗalibi da harshensa baya. Da wuya ya yarda a mayar da allon gilashi wata sabuwar hanyar yin hakan.

Sai batun wahalhalun yau da kullum, waɗanda takardun neman tallafi ke wucewa da gudu. Wutar yankin daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023, ba a maido ba sai Maris 2024. Faranti da batir na rana za su iya, amma batir yana mutuwa, ƙurar hunturu tana shiga ramin caji, zafin bazara yana kumbura na'ura, gilashi yana fashewa. Wa zai gyara, da kuɗin wa, a shekara ta uku bayan masu tallafi sun naɗe tabarmarsu? A ina za a kulle tablet arba'in a makarantar da bangonta zana ne? In kuwa aka ce a dogara da wayoyin gida, Tecno da Itel ɗin da ke hannun mutane, to akwai sauƙi ta wani gefen, don masu turi a kasuwa sun riga sun iya baza fim da waƙa ta Xender da katin memori ba tare da data ba, kuma wasa mara nauyi zai bi wannan hanya. Amma wayar ta baba ce ko ta yaya. Yaro namiji zai same ta da dare. Yarinyar da ta fi kowa iya canji ita ce ke ɗauke da tire har magariba, ta dawo ta tarar da wanke-wanke.

Iyaye ma suna da hujjar ɗari-ɗari, kada a raina su. Abin da suka sani da sunan gem shi ne ɗakin da samari ke taruwa a kan ƙwallon PES, da Free Fire mai cinye kuɗin data, da cacar ƙwallo da ke leƙowa ta wayar. Wasannin kyauta da yawa talla ce ke ciyar da su, an gina su ne don kada yaro ya ajiye. Uban da ya ce ba a kai ɗansa lakwal don wasa ba, amsarsa ita ce a nuna masa kayen yaron kafin da bayan, ba a yi masa lacca a kan zamani ba.

Kuma kowace jikka da aka kashe a nan, an hana ta wani wuri. Nijar ta san wata hanya mara lantarki: shirin Makaranta Don Kowa da hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a 2004, wanda daga baya ya kawo littattafan atisayen lissafi da ake yi bayan an tashi, a gwada yara a san matakin kowa, kwamitin makaranta da mutanen gari su tsaya a kai. Dabarar ita ce dai ta Mindspark, kowa ya fara daga inda ya tsaya, da takarda da fensir. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a ilimi ya yi gargaɗin cewa ingantattun shaidu ba su da yawa, kuma kaso mai tsoka na waɗanda ake yaɗawa daga masu sayar da kayan suke fitowa. Saboda haka duk mai kawo tablet Gaya, tambayar da za a yi masa ita ce ko ya fi littafin atisayen da kuɗinsa ɗaya zai saya wa makarantu da yawa. Wataƙila ya fi, musamman ga ƙananan da ba su iya karanta umarni ba tukuna, waɗanda murya da hoto ke ja. Sai ya nuna.

Da ni ne sufeton makarantun Gaya aka kawo mini irin wannan shiri, zan karɓa a makarantu kaɗan, rabin awa a rana, a ƙarƙashin idon malamin ajin, ba tare da an taɓa lokacin darasinsa ba, in bar wasu makarantu makamantansu da littafin atisaye kawai. Ƙarshen shekara ba zan kalli makin da na'urar ta tara ba. Zan sa a kulle tablet ɗin a kwaba, a raba ardwaz, a rubuta 500 − 225. Daga nan in fito da tire da kashin tumatir uku, in kira ɗan ma'aikacin duwan, wato kwastan, da bai taɓa talla ba, in miƙa masa dala ɗari.